Yadda ake zaɓen kayan ɗaukar sauti don aiki a karkarar Tawa

Mafi yawan sautin da ake ɗaukowa daga ƙauyuka ba arhar na'ura ke lalata shi ba. Ko dai iskar hunturu ta bugi makirufo, ko batir ya mutu ana tsakiyar hira, ko an tsaya nesa da mai magana, ko katin ajiya na jabu ya cinye aikin yini guda. Saboda haka wanda zai tashi daga Yamai ko garin Tawa ya shiga yankin Adar da niyyar ɗauko murya, kada ya zuba kuɗinsa duka a kan rakoda. Kayan aikin shida ne kuma tare suke tafiya: rakoda, makirufo, hular kare iska, hedifon, batura da kati. In kuɗin hannunka kaɗan ne, ware wa rakoda kamar rabi, sauran ka raba wa biyar ɗin.

Mataki na farko: san abin da za ka ɗauka

Kafin ka tambayi farashi, tambayi kanka wa za ka ɗauka, a ina, kuma ina sautin zai ƙare. Hira da dattijo ɗaya a zaure, irin aikin tarihin baka da cibiyar CELHTO ta Yamai ke yi tun 1968, tana son na'ura marar huci (wato shuuu ɗin da na'ura ke yi da kanta), mai jure awa biyu ko uku ba tsayawa. Rahoton gidan rediyo daga kasuwar Badagishiri ko filin kokowa yana son abin da ake kunnawa nan take, a riƙe da hannu ɗaya cikin turereniya. Kiɗan kalangu, ganga da algaita yana son na'urar da ba ta fashewa in sauti ya yi ƙarfi, ga kuma tashoshi biyu, hagu da dama. Kukan tsuntsaye a tafkin Tabalak da asuba shi ya fi duka wuyar sha'ani, domin sautin siriri ne, kowane huci na na'ura yana fitowa fili. Zaɓi aikin da ya fi yawa a hannunka, ka sayi kaya dominsa.

Mataki na biyu: rakoda

Rakodocin hannu sun kasu gida uku, kuma abin da ya raba su shi ne ƙofar da makirufo ke shiga.

Na farko ƙananan da ke da makirufo a kansu da ƙaramar ƙofa ta milimita 3.5, irin su Zoom H1n da Tascam DR-05X. H1n na cin batir AAA biyu, DR-05X na cin AA biyu kuma ya fi shi daɗewa. Makirufon H1n gaba yake fuskanta, na DR-05X kuwa ko'ina yake ɗauka, don haka a wuri mai hayaniya H1n ya fi ware mai magana, a ɗaki shiru DR-05X ya fi ba da sauti mai faɗi. Dukansu jikin roba ne mara nauyi, kuma nan matsalarsu take: duk motsin yatsa yana shiga cikin sauti. Wanda ya saye su ya haɗa da ƙaramin ƙafa-uku ko mariƙi da ake ɗaurawa a ramin da ke jikinsu.

Na biyu masu ƙofar XLR, wato babbar ƙofa mai fil uku da ke kulle waya ba ta zarewa. Nan ake samun Zoom H4n Pro, Zoom H5 da Tascam DR-40X, kowanne da ƙofa biyu, sai Zoom H6 mai huɗu. Amfanin XLR biyu ne. Wayarsa tana kore gunjin lantarki ko da ta kai mita goma, alhali siririyar waya ta 3.5 in ta wuce mita biyu ko uku sai ta fara kwaso ƙara. Sannan ta nan ne na'ura ke ba makirufo wutar 48V da manyan makirufo ke buƙata. A cikin waɗannan, H5 ya fi dacewa da ɗan rahoto da mai bincike, saboda ƙarfin sauti da ɗan murɗi ake saita shi, ana gani da ido, ana juyawa a hankali ba ƙara. Na'urar da sai an danna maɓalli kafin a rage ƙarfi, dannawar kanta tana shiga cikin hira. H4n Pro kuma ya fi H5 cin batir sosai, abin da ba ƙarami ba ne a garin da babu wutar NIGELEC.

Na uku su ne waɗanda ba su da makirufo ko kaɗan, sai ka haɗa naka, kamar Zoom F3 da Sound Devices MixPre-3 II. Abin da ake biya a nan shi ne tsabtar sashen da ke ƙara wa sauti ƙarfi. Kowace rakoda tana da nata huci, wani shuuu da ake ji in an ɗaga ƙarfi. A kasuwa ba wanda zai lura da shi. A gaban tsohuwa mai magana ƙasa-ƙasa, ko a bakin tafki, shi ne zai rufe abin da ka zo nema. Mai aikin adana tarihi ko sautin daji ya daure ya kai nan in da hali.

Akwai tsarin da ake kira 32-bit float, wanda F3, MixPre-3 II da jerin Zoom essential na 2024 ke da shi. Da shi ba sai ka saita ƙarfin shiga ba: ko sautin ya yi ƙasa ko ya yi sama, ana daidaita shi a kwamfuta daga baya ba tare da ya tsage ba. Ga mai ɗaukar kokowa, inda shiru ke komawa ihu cikin daƙiƙa ɗaya in an yi kaye, wannan babban sauƙi ne. Amma tsarin ba ya gyara iska, ba ya kusanto da mai magana, kuma in ganga ta fi ƙarfin makirufon kansa, sautin zai fashe tun kafin ya isa na'ura. Sannan ka tabbatar manhajar da gidan rediyonku ke tace sauti da ita tana buɗe irin wannan fayil.

Wayar salula fa? Tana fitar da mutum kunya in babu wani abu, amma yawancin manhajojinta suna ɗaga sauti su sauke da kansu, suna kuma goge abin da suka ɗauka hayaniya ce, har da kiɗa. In dole ne, nemi manhajar da ke ɗauka a WAV, tsarin fayil da ba ya matse sauti, sa wayar a yanayin jirgi, ka haɗa ƙaramin makirufo. Duba bakin wayar makirufon: mai zobe baƙi uku na salula ne, mai zobe biyu na rakoda ne. In aka musanya su, sau da yawa ba abin da zai shiga.

Mataki na uku: makirufo

Makirufo iri biyu ne ta fuskar yadda suke aiki. Dinamik ba ya buƙatar wuta, yana jure faɗuwa, ƙura da zafi, amma sautin da yake fitarwa ba shi da ƙarfi, don haka yana son rakoda mai tsabta. Kondensa ya fi jin sauti siriri, amma sai da wuta, kuma laimar damina tana sa sautinsa ƙarce-ƙarce.

Ga ɗan rahoto, dinamik na hannu mai ɗaukar ko'ina, irin Electro-Voice RE50 ko Rode Reporter, shi ne abokin tafiya. Bai kai masu ɗaukar gaba damuwa da iska ba, kuma ko mai magana ya juya kai muryar ba ta ɓacewa. Inda hayaniya ta yi yawa ƙwarai, mai ɗaukar gaba irin Sennheiser MD 46 ko Shure SM58 ya fi, da sharaɗin a riƙe shi daidai bakin mutum. SM58 na daga cikin makirufon da aka fi yi wa jabu a duniya, don haka in ka ga farashinsa ya faɗi warwas, ka yi shakka.

Dogon makirufo mai nuni, irin Sennheiser MKE 600 ko Rode NTG2, mutane da yawa suna zaton yana jawo sauti daga nesa. Abin da yake yi kawai shi ne rage abin da ke gefe. A fili yana aiki da kyau in tazarar ba ta wuce mita ɗaya ba. A ɗakin siminti mai amsa kuwwa kuwa muryar takan fito wani iri. MKE 600 da NTG2 suna karɓar batir AA ɗaya a cikinsu, abin da ke ba ka damar kashe wutar 48V ka tsawaita ran baturan rakoda.

Ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga shi ya fi dacewa da doguwar hira, domin bayan ɗan lokaci dattijo yakan manta da shi ya saki jiki. A maƙala shi kamar santimita 20 ƙasa da haɓa. Sai dai tufafinmu suna da nasu sauti: shadda mai sitaci tana ƙara duk sanda aka gyara babbar riga, rawani yana goga kan makirufo, carbi yana ƙas-ƙas kusa da ƙirji. A maƙala shi a waje, inda ƙyalle ba ya taɓa kansa, a lanƙwasa wayar a cikin maƙalin don kada jan ta ya kai sauti. In mace ce ake hira da ita kuma mai ɗauka namiji ne, a miƙa mata ta maƙala da kanta a kan mayafi ko hijabi, a nuna mata wurin da hannu. Irin wannan makirufo yana cin ƴar wuta ta ƙofar 3.5, wadda sai an kunna ta a cikin saitin rakoda. Kada a taɓa tura masa 48V ta hanyar mahaɗi na haka kawai, yana iya ƙonewa.

Ƙa'idar da ta fi kowane farashi ita ce ta tazara. A fili, duk sanda ka ninka nisan da ke tsakanin baki da makirufo, sauti yana raguwa da desibel 6, hayaniyar gari kuwa tana nan yadda take. Makirufon hannu ya tsaya kamar taƙi ɗaya daga baki, a ɗan karkace gefe don kada hucin harafin "f" da "b" ya buge shi.

Mataki na huɗu: iska

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ba ta hutawa a Adar, kuma farkon damina hadari yakan taso da guguwa. Soson da ke zuwa cikin kwalin rakoda na ɗaki ne, ba ya tare komai a fili. Dole a sayi hular gashi, wadda aka ɗinka daidai kan na'urarka ko makirufonka, a sa ta a bisa soson. A kunna LO CUT, saitin da ke yanke gindin sauti, a kan 80 ko 100 Hz in magana ake ɗauka, yana rage rugugin iska da na manyan motoci. In ganga ce, a kashe shi, domin zai yanke gindin kiɗan. Sannan a yi amfani da jiki: juya wa iska baya, ko a koma bayan katanga ko rumbu. Rugugin iska in ya shiga fayil, da wuya manhaja ta fitar da shi ba tare da ta ci muryar ba.

Mataki na biyar: batir, zafi da ƙura

Baturan arha na tocila da rediyo ba su iya ɗaukar rakoda, suna nuna a cike sannan su faɗi cikin ɗan lokaci. A sayi alkalin na gaske, ko mafi kyau masu caji na NiMH masu kusan 2000 mAh irin Eneloop, jeri uku: ɗaya a ciki, ɗaya a aljihu, ɗaya a caji. A shiga saiti a gaya wa na'ura irin batir ɗin da aka sa, in ba haka ba ma'aunin zai yi ƙarya. Awannin da kamfani ya rubuta an auna su ne ba tare da 48V ba, don haka in ka kunna ta, ka sa ran raguwa mai yawa.

Yawancin waɗannan rakodoci suna aiki da fawa-banki ta USB. A gwada a gida tsawon awa guda, domin wasu fawa-banki suna kashe kansu in abin da ake ja kaɗan ne, wasu kuma suna sa wani siririn fito cikin sauti. Ko da an jona, a bar batura a ciki. Kada a ɗauki sauti na'ura tana jone da soket ko janareta, gunjin 50 Hz yana iya bin waya ya shiga. Rakoda in wuta ta yanke mata kafin a danna tsayawa, fayil ɗin duka yana iya ƙin buɗewa, shi ya sa ake tsayar da doguwar hira duk minti 20 ko 30, inda mai magana ya numfasa, a sake sabon fayil.

Tascam ya rubuta cewa na'urorinsa na hannu suna aiki tsakanin digiri 0 da 40, alhali a Afrilu da Mayu zafin Tawa yana wuce 40. Baƙar na'ura a rana ta fi iskar da ke kewaye da ita zafi nesa ba kusa ba. A yi aiki a inuwa, a rufe ta da farin ƙyalle, kada a bar jakar kaya a cikin mota rufaffiya, domin batura suna tsiyaya su ci ƙarfen ciki. Ƙura kuma ta murɗi da ƙofofi take shiga. A liƙe ƙofar da ba a amfani da ita da ɗan salatif, a ajiye kowane abu cikin leda mai zif, a canja kati a ɗaki, da dare a share da burushi mai laushi. Da damina a jefa ƴan ƙullin silika masu shan laima cikin jakar makirufo.

Mataki na shida: kati da tsarin fayil

A ɗauka a WAV, 48 kHz, 24-bit. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da ƙungiyar ma'ajiyar sauti ta duniya, IASA, ta yarda da shi don adanawa, ta ma fi son 96 kHz. MP3 yana zubar da wani ɓangare na sauti har abada, ana yin sa ne daga baya don aikawa. Awa ɗaya ta WAV mai tashoshi biyu a wannan tsari tana cin kusan gigabait ɗaya, ke nan katin 32 GB zai ɗauki kusan awa 30. Duba iyakar na'urarka kafin saye: H1n, H4n Pro da H5 ba su karɓar katin da ya wuce 32 GB, DR-05X da DR-40X suna kai wa 128.

Katin jabu ya cika kasuwa. Yakan nuna 32 GB alhali cikinsa bai kai haka ba, sai ya riƙa rubutu a kan abin da ya riga ya ɗauka. A gwada kowane sabon kati a kwamfuta da manhajar H2testw, wadda kyauta ce, sannan a goge shi a cikin rakodar kanta. Katuna biyu ko uku matsakaita sun fi babba guda ɗaya.

Gwaji kafin a biya kuɗi

Ko a kantunan Yamai ka samu, ko aka kawo maka daga Kano ko Faransa, ko na hannu ne, je da baturanka, katinka da hedifon mai rufe kunne duka, irin Sony MDR-7506 ko Audio-Technica ATH-M20x. Buɗe gidan batir ka duba ko akwai farin gari ko tsatsa. Ɗaga ƙarfi a wuri shiru ka saurari huci. Juya kowane murɗi ka ji ko yana ƙarce-ƙarce. Yi magana ta hagu sannan ta dama, ka ga ma'aunan biyu suna tashi daidai. Jona makirufo a kowace ƙofa, ka girgiza wayar a bakinta. Ɗauki minti biyar, kashe na'ura, kunna, ka saurara.

A filin aiki

Fara da gaisuwa wurin mai gari ko sarki, da takardar shaidar gidan rediyo ko cibiyar da ta turo ka. Ga wanda za a ɗauka, a yi masa bayani sarai: "Baba, wannan na'ura za ta ɗauki maganarku, za a ajiye ta a wuri kaza, za a sa ta a rediyo ko ba za a sa ba. Kun yarda?" Amsarsa ta shiga farkon fayil, tare da sunan gari, kwanan wata da abin da za a tattauna.

Zaɓen wuri rabin aiki ne. Ɗakin laka mai tabarma da labule ya fi ɗakin siminti, rufin kwano kuma yana ƙara in rana ta buge shi. A kashe fanka da firij, a roƙi masu waya su nisanta ta, domin neman layinta yana shiga sauti. A lissafa lokacin kiran salla, da na daka, da na injin niƙa, a kauce musu. Sa mai magana ya faɗi abin da ya karya da shi yau, ka saita ƙarfi har ma'auni ya riƙa tsayawa wajen -12, in ya yi dariya ko ya ɗaga murya kada ya wuce -6. Kashe saitin da ke daidaita ƙarfi da kansa, ka bar limita, wato saitin da ke hana sauti fashewa in ya yi ƙarfi, a kunne. A rakodoci da yawa dannawa ɗaya shiri ne kawai, jar fitila na ƙyaftawa, sai an sake dannawa take fara ɗauka, don haka ka ga lambobin lokaci suna tafiya kafin ka yi tambaya, sannan ka tura HOLD, makullin da ke hana maɓallai aiki in an taɓa su. Hedifon ya zauna a kunne har ƙarshe. Bayan an gama, a roƙi kowa ya yi shiru minti ɗaya a ɗauki sautin wurin, mai tacewa zai buƙace shi wajen cike giɓi.

A daren nan a kwafe fayilolin wuri biyu, kwamfuta da wani faifai daban, kafin a goge kati. A sa wa kowanne suna mai farawa da shekara, wata, rana, sannan gari da batu, kamar 2025-01-14_Keita_masaƙa. In za a tura wa ofis ta WhatsApp, a tura shi a matsayin takarda, domin saƙon murya matse sauti yake yi, asalin WAV ɗin kuma ya zauna a hannunka ba a taɓa shi ba.